Kifin da Na Ƙera wa Rijiyarmu

Rijiyar garinmu gaba talatin da biyu ce kafin a taɓa ruwa, ruwan kuma gaba huɗu a bazara idan ya ja baya. Ba ni na auna ba. Ni ko leƙa ta ba na son yi, jiri ke ɗibata. Yayana ne ya auna ta da jikinsa, shekara da shekaru, don shi ke yasarta tun da babanmu ya tsufa ya bar masa igiyar. Garin ƙarami ne, can gefen Ollelewa, rijiyar kuma ita kaɗai gare mu, mu da dabbobinmu da na makiyayan da ke saukowa daga arewa.

A shekarar da nake magana, guga ya fara fitowa da rairayi. Da farko ɗan kaɗan a gindi, daga baya sai mace ta tace tulu ɗaya da ɗankwali ta zubar da cikin tafin hannu. Duk wanda ya tashi a Damargu ya san abin da wannan ke nufi. Ɗaya daga zobban simintin da ke can ƙasa cikin ruwa ya fashe ko ya goce, ƙasa tana zubowa ta bayansa, kogo yana buɗewa, in aka bar shi wata rana rijiyar za ta rufta. Maigari ya kira masu gyaran rijiya ta waya. Suka ce ba za su ɗauko kaya daga nesa a kan ji-ta-ji-ta ba, a faɗa musu zobe na nawa ne, ta wane gefe, kogon kuma ya kai ina. Gaskiyarsu ce. Amma kafin a faɗi wannan sai mutum ya nutse ya shafa da hannunsa.

Yaya kuwa tun yasar bara yake tari. Ni na kai shi gidan likita a Gangara bisa babur, da kunnena na ji majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ce masa huhunsa ɗaya ya gaji, ruwan sanyi da riƙe numfashi ya bar su har abada in yana son ransa. Yaya ya ce to. Da muka fito ya ce mini kada in kuskura in faɗa wa kowa. Kafin rana ta faɗi na faɗa wa matarsa, ita kuma ta faɗa wa duk garin, amma hakan bai hana komai ba. Ranar da aka zauna a ƙofar maigari bayan azahar ana neman wanda zai shiga, kowa ya sunkuyar da kai, sannan ɗaya bayan ɗaya suka ɗago suna kallon Yaya.

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya san ni da shi. Na miƙe na ce wallahi ba zai shiga ba, wanda ke jin ƙishirwa ya tuɓe riga ya shiga da kansa. Wani dattijo ya ce to ni in shiga mana, tunda ni ne mai baki. Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta sa na faɗi abin da ban gama tunaninsa ba. Na ce a ba ni lokaci, zan haɗa abin da zai nutse ya ɗauko mana hoton zoben, ba sai an jiƙa kowa ba.

Ba daga sama maganar ta faɗo mini ba. Sana'ata gyaran rediyo da wayar hannu da fitilun rana, ina bin kasuwanni da akwatina. Na yi shekara huɗu a Libiya a shagon wani mai gyara, na dawo da buhun tarkace, a ciki har da motocin wasa biyu irin waɗanda ake tuƙa su daga nesa da telekomand, ɗan akwatin nan mai maɓallai da ake riƙewa a hannu. Na sha kallo a waya yadda mutanen wasu ƙasashe ke ƙera ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa suna wasa da su a tafki. Waya a ɗaure a igiya ba za ta yi mana ba, don igiya ƙasa kawai ta sani, mu kuwa gefe muke son gani, har cikin kogon. Ana buƙatar abin da zai juya, ya sunkuya, ya ɗago.

Yaya bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “Kwana nawa, ƙane?”

Na ce wata ɗaya.

Ya ce, “Rijiyar ba ta da wata ɗaya. Na ba ka kasuwa uku.”

Mako uku ke nan. Na rufe akwatin gyara, na daina bin kasuwa, na zauna a rumfar gidanmu.

Jikin abin bai ba ni wahala ba. Na samo guntun bututun roba mai kaurin ƙwauri, tsawon hannu ɗaya. A gaba na manna gilashin wata babbar tocila, a bayan gilashin na kwantar da tsohuwar waya mai ɗaukar hoto da ƴar fitila. A baya na sa injin motar wasan da farfelar da na yanko daga gwangwani. A ƙarƙashi na ɗaure notuna don ya yi nauyi daidai, kada ya yi iyo a sama kamar ƙwarya, kada kuma ya faɗi kamar dutse. Cikin kwana biyar wannan ya ƙare. Mutane suka sa masa suna kifi, yawancinsu kuwa ba su taɓa ganin kifi da rai ba sai busasshe a kasuwa.

Sandunan ne suka ci ni. Bari in faɗi yadda abin yake. A cikin bututun, inda ruwa ba ya kaiwa, akwai ƴan injuna biyu ƙanana, waɗanda a motar wasa su ke murɗa ƙafafun gaba. A waje, cikin ruwa, akwai wutsiya mai kai shi hagu da dama, da fikafikai biyu masu sa shi sunkuyawa ko ɗagowa. Tilas wani abu ya taso daga injin da ke ciki, ya ratsa bangon baya, ya fito ya kama wutsiyar, ya riƙa tura ta yana jan ta. Haka ma na fikafikan. Sanda biyu ke nan, kowace tana shiga tana fita ta rami, ramin kuma ba a yarda ɗigon ruwa ya bi ta cikinsa ba.

Da wayoyin ƙafar keke na yi sandunan. Ana lanƙwasa bakin kowace sau biyu da awartaki, ta yi gwiwa, don ta shiga hudar ɗan ƙahon da ke jikin fiffike ta kasa fita. Ƙahonin na yanko su daga cokalin sanholo, na huda su da ƙusa. In hudar ta yi faɗi ko da kaurin gashi ne, sandar sai ta riƙa wasa a ciki, fiffike yana karkarwa shi kaɗai. In ta matse, injin ya yi ta kuka bai motsa komai ba. Waya goma sha ɗaya na lalata kafin biyu su yi daidai, akwai wadda na jefa don haushi ta soke a danga, har yanzu ban san inda take ba. Tsawo ma wata fitina ce. Sai da na tuna ɗan kan tagullar nan mai zare da ke bakin kowace wayar keke, na haɗa wayoyi biyu da shi a tsakiya, in na murɗa shi sandar ta ƙaru ko ta ragu kaɗan-kaɗan har fiffiken ya tsaya sak. Ranar na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Saura toshe ramukan. Na gwada robar cikin taya da gam, ta yi tauri, injin ya kasa tura sandar. Na gwada yatsan safar hannu ta likita, ya yage a motsi na ashirin. Baduku ya ɗinka mini ƴar jakar fatar akuya, ta sha ruwa ta yi laushi ta fara yoyo. Kasuwa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kusa, ni ina nan da ramuka biyu ina zaginsu.

Matar Yaya ita ke kawo mini ruwan gwaji. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu, ba ta taɓa wuce ni ba ta tsokane ni ba. Takan sauke tulu ta ce, “Mijina ƙarami, yau kifin ya haihu ko har yanzu naƙuda yake?” Ni kuma in ce ta tanadi tukunya, da shi za ta yi mana miya. Amma ruwan nan ba wasa ba ne. Rabin tano gare ni, gangar ƙarfe da aka yanke biyu, cika shi kuwa tulu shida ne, a bazara, daga rijiyar da ake layi tun safe. Ita ke ɗaukowa a kanta bayan ta gama na gida, in na gama gwaji a ba awaki. Ba ta taɓa ƙorafi ba, don ta san abin da take saye da wuyanta. Wata rana ta sauke tulu, ba dariya a fuskarta, ta ce, “Ka yi sauri. Jiya ya ɗauko igiyar yana duba ta.”

A wannan makon na je gidan likita karɓo wa Yaya maganin tari, na ga majo yana zuƙo ruwan allura. Na tsaya ina kallon yadda ɗan toshin baƙar roba ke tafiya cikin sirinji, sumul, gaba da baya, ruwa bai bi ta gefensa ba. Na roƙe shi sababbi biyu manya. Na yanke bakinsu, na dasa su a bangon baya da gam, na soka kowace sanda ta tsakiyar toshin na manne ta. Na shafa ɗan man kaɗanya. Na danna telekomand, sandar ta fita, ta koma, wutsiya ta kaɗa. Na tsoma shi a tano tun hantsi har la'asar, na buɗe, ciki a bushe ƙayau.

Akwai wani ƙaramin abu da na yi a ranar, ban ɗauke shi komai ba. Fikafikan suna da ƙaho biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sandar za ta iya kama kowanne. Na ƙasa yana gogar notunan da na ɗaure, sai na maƙala ta a na sama don in huta da kwance su. Da haka, in sandar ta shige ciki kifin ya sunkuya, in ta fito ya ɗago. A tano duk ɗaya ne.

Yaya ya zo ya tsuguna yana kallo ina zagaya shi cikin tanon, yana nutsewa yana tasowa. Sannan ya sa hannu cikin ruwan har gwiwar hannu ya taɓa gindin tanon, ya ce, “Ruwan can ƙasa ba irin wannan ba ne. Yana da nauyi. In ka wuce gaba biyu sai ka ji kamar an sa maka yatsa a kunne ana turawa.”

Na ce masa kifina ba shi da kunne.

Haka na faɗa, da gatsali, ga mutumin da ya fi kowa sanin ruwan nan a duk ƙasarmu. Ni ban taɓa nutsewa ba a rayuwata. Ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne tafkin damina, iya cinya. Ya yi murmushi ya ce Allah ya sa, ya tashi ya tafi yana tari.

Ranar kasuwa ta uku da rana tsaka muka je rijiya. An zaɓi lokacin ne don a iya jefa hasken rana ciki da madubi, yadda ake yi in abu ya faɗa. Aka kwance raƙuman da ke jan guga, aka dakatar da ɗiba. Garin duka ya fito, makiyaya suna tsaye da dabbobinsu suna jira. Na kunna wayar da fitilar, na rufe bututun, na ɗaura masa zaren ɗinkin takalmi mai tsawo a baya don ko ta kwana. Muka saukar da shi cikin guga. Na zura wata doguwar waya daga telekomand har kusa da ruwa don saƙon ya kai. Na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, Yaya ya riƙe mini ƙugu saboda jirin nan nawa.

Daga sama fitilarsa kawai nake gani, ƴar mitsitsiya. Na danna, ta motsa. Na juya hagu, ta juya. Na ji mutane a bayana suna salati ƙasa-ƙasa. Na sunkuyar da shi kaɗan ya fara gangarawa yana zagaya bango, zaren yana bi ta yatsun Yaya yana ƙirgawa. Gaba ɗaya. Gaba ɗaya da rabi. Biyu. A nan na ga hasken ya ƙara sauri. Na ja maɓallin ɗagowa, bai ɗago ba. Na sake ja har yatsana ya yi zafi. Hasken ya miƙe ƙasa, ya karkata gabas, ya shige cikin bango, sai wani ɗan ja-ja da ya rage a wurin. Na ba shi baya, farfela ta tayar da laka, jan ma ya dushe.

Na fizge zaren daga hannun Yaya na ja. Ya taho kamar taƙi ɗaya ya tsaya, ya sarƙe a wani abu, ina jin ƙarfen da ya fito daga fasasshen zoben ne. Yaya ya ce, “A hankali. Sake masa, ka bari ya huta, sannan ka gwada ta wancan gefen.” Ban saurare shi ba. Raina ya riga ya ɓaci, ina jin idon mutane a ƙeyata. Na naɗe zaren a hannu na fizga da ƙarfi. Ya taho sakayau, ba nauyi.

Can wani tsohon makiyayi ya tambaya, cikin Hausarsa mai nauyi, me ke cikin abin. Na ce waya ce da fitila. Ya ce da me suke aiki. Na ce da batir. Ya ce nawa. Na ce shida, da na wayar.

Kowa a wurin ya taɓa ganin batir da ya ruɓe a cikin rediyo, ya ga abin da yake zubarwa da yadda yake cin ƙarfe. Na fara bayani cewa a rufe yake, ruwa ba zai kai gare su ba, sai maigari ya tambaye ni har zuwa yaushe. Ya ce ba mai ɗibar ruwan nan, mutum ko dabba, sai an fitar da abin. Rijiya mafi kusa da mu tafiyar rabin yini ce a jaki, a bazara, ga garke uku tsaye suna kuka.

Na tuɓe riga na ce a ɗaura mini igiyar. Da gaske nake. Yaya ya ce, “Sa rigarka. In ka shiga, abu biyu zan sauka ɗaukowa.” Ya aika gida aka kawo igiyarsa.

Ban taɓa tsayawa na kalli saukarsa ba sai ranar. Ya zauna a kan guntun icce da aka ɗaure a bakin igiyar, aka zagaya masa wata a ƙugu. Ba a ba raƙumi irin wannan igiya, maza takwas suka riƙe ta da hannu. Ya ɗauki dutsen da yake nutsewa da shi ya rungume a cinya, ya yi addu'a, ya tofa a tafin hannu ya shafa a ƙirji. Matarsa tana tsaye cikin mata da tulu a gabanta. Ba ta ce masa kada ya shiga ba, ni ma ba ta dube ni ba. Aka fara sakin igiya. Tarinsa muke ji yana tasowa daga ciki, yana ƙara nisa.

Sau uku ya nutse. Mai riƙe da madubi ne ke faɗa mana, don ni na kasa leƙawa. Na farko ya je ya lalubo inda abin yake, ya taso. Ya daɗe yana riƙe da igiya yana tari kafin ya koma. Na biyu ya fito da shi ya jefa a guga. Muka yi ta kiransa ya ba da alama a ja shi, sai muka ji muryarsa tana cewa tunda ya riga ya jiƙe, bari ya gama aikin. Ya koma na uku. Wannan ne ya fi daɗewa, har masu igiya suka fara duban juna.

Da aka fito da shi leɓɓansa sun yi toka, yana karkarwa cikin zafin da ke ƙona tafin ƙafa. Aka lulluɓa masa bargo. Sai da ya huta ya ce wa maigari zobe na uku ne daga ƙasa, ta gabas, ya tsage ya goce kamar taƙi ɗaya, kogon kuma ya zura hannu da ƙafa bai taɓa ƙarshensa ba amma bai fi gaba ɗaya da rabi ba. Sannan ya sa aka miƙo masa kifin. Ya kai shi kunne ya girgiza, ya miƙo mini ya ce, “Ko ɗigo bai shiga ba. Toshinka ya yi kyau.” Ba gatse yake yi ba, yabo ne, wannan kuwa ya fi mini ciwo. Aka maida raƙuma, aka ci gaba da ɗiba.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya rufe shi, tarin ya fara fitowa da jini. Kafin mu samu motar da za ta kai shi asibitin Tanut na buɗe bututun, don na kasa zama haka. Ciki a bushe. Amma haƙoran ɗan injin fikafikan sun kakkarye, kamar an fi ƙarfinsa. Na zauna ina juya abin a hannu. Na ɗora babban yatsa a kan toshin sirinjin ta waje na tura, sandar ta shige, fikafikan suka sunkuya. Na sake, na kuma turawa. A nan na gane. Toshin yana da faɗi, ruwan ƙasa kuma yana da nauyin da Yaya ya faɗa mini. Ruwan ne ya tura toshin ciki, ya fi ƙarfin ɗan injin motar wasa, ya sunkuyar da kifin, yana ƙara zurfi ana ƙara tura shi.

Na kunna wayar kuma. Tsagar zoben ta fito sarai, da ƙarfen, da bakin kogon, duk wanda ya gani zai san abin da za a gyara. Bayan nan laka ce da duhu na tsawon lokaci. Can kusa da ƙarshe sai ga hannu ya shigo cikin hasken yana lalube, yatsu a buɗe, ya wuce, ya dawo, ya rufe gilashin. Ban taɓa nuna wa kowa wannan ba.

A Tanut an yi masa abin da za a iya. Rana ta shida da hantsi ya ɗan samu sauƙi, matarsa ta fita wanke kwanuka, ya yafito ni. Ya ce, “Ka gano abin da ya ci shi?”

Na ce na gano. Na ɗauki tsinken tsintsiya da murfin kwalba na nuna masa a kan tabarma, ga toshi, ga sanda, ga ƙahon sama, ga na ƙasa. Ya bi da ido, bai katse ni ba.

Ya ce, “Da a na ƙasa ka maƙala fa?”

Na ce da ruwan ya tura, sai kifin ya ɗaga kai ya taso da kansa.

Ya ce, “Aikin kwana nawa ne?”

Na ce bai kai yini ba. Notuna huɗu za a kwance a matsar.

Ya rufe ido, na zaci barci ya yi. Na so ya zage ni, wallahi na so, da ya zage ni da na samu inda zan tsaya. Sai ya ce, “To ka gyara shi. Ba ni da magaji a igiyar nan. In ba ka gyara ba, wani za su ɗaura wa wanda bai san ruwan ba.” Na ce to, Yaya.

Rana ta tara ya rasu, bayan azahar. Masu gyara sun zo kafin damina, suka yi aiki a kan abin da ya faɗa, suka same shi daidai yadda ya ce. Rijiyar tana nan, muna sha. Ba wanda ya taɓa ce mini ni na kashe shi. Mutanenmu sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da haka, amma na san hannun da ya fizgi zaren. Matarsa ta gama takaba ta zauna a gidan da ƴaƴanta, ni ke noma musu gonar. Tana gaishe ni kullum da ladabi, har da rusunawa, ta tambayi gajiya ta tambayi aiki. Ba ta ƙara tsokanata ba ko sau ɗaya.

Shekara uku bayan nan wani mutum ya zo daga wani gari wajen Falanko, maigarinsu ya aiko shi. Rijiyarsu ta fara ba da rairayi, sun ji labarin akwai mai abin da ke nutsewa ya ɗauko hoto. Ya same ni a kasuwa ina gyaran fitila. Kifin yana gida cikin buhu a saman rumbu, sababbin ƴan injuna ma ina da su a akwatin da ke gabana. Na tuna alkawarin da na yi a kan tabarmar nan, na tuna shi sarai, ba mantawa na yi ba. Tsoro ne kawai, tsoron in sake kwantawa a bakin wata rijiya mutane na tsaye a bayana. Na ce masa abin ya lalace, ba ya gyaruwa.

Ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri, za su nemi wanda zai shiga. Ya yi mini sallama ya tafi wajen masu sayar da igiya. Ina zuwa kasuwar Falanko kusan kowane wata, ina ganin mutanen garin nan, muna gaisawa. Har yau ban tambaye su wa suka saukar ba, ko kuma yadda ya fito.